Anti Mildred, wadda ta riƙe mana takardun Juma'a

Ƙarfe bakwai saura kwata Anti Mildred ke sauka daga mashin a ƙofar ofis, shekara ashirin da shida tana haka. Ta buɗe taga, ta yaye zanen da take rufe kwamfuta da shi, ta kora ƙwayar hawan jini da ruwan leda, sannan ta zauna tana sauraron takun Oga. Ita ce mai buga takardu a wani ofishi nan Kafanchan da ke kula da malaman makaranta. Ba zan faɗi sunansa ba, masu shi sun san kansu.

Teburinta na bakin ƙofar Oga, don haka duk tsawar da ta fito ita take fara samu. Shugabanni huɗu ta yi wa aiki, amma na ƙarshen nan, kai, Allah ya kiyaye! Ko sunanta ba ya kira, ƙararrawa yake buga mata. Ga wata muguwar al'ada: takardar tuhuma, wadda muke ce wa kweri, ba ya sakinta sai ranar Juma'a dab da tashi. Da bakinsa ya gaya mata dalili: "Bari ya je gida da ita, ta dafa shi kwana biyu. Litinin zai dawo da ladabi."

Ta ga abin da kwana biyun nan ke yi. Wani malami ya karɓi tasa ran Juma'a, ba ofishin da zai je, ba wanda zai tambaya. Ran Lahadi ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar sujada a coci.

Daga makon nan firintar Anti ta kamu da ciwon Juma'a. Yau tawada ta ƙare, wani mako takarda ta maƙale. Anti kuwa, mai jan waƙa a zumuntar mata ta coci, ƙarya ba ta iya ba. Oga ya zage ta tas a gaban jama'a, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, sa." Litinin da safe sai ga firinta ta warke, mutum ya karɓi takardarsa a lokacin da zai iya neman shawara ya ba da amsa kafin a tashi. Ba ta taɓa ɓoye takarda ba, ba ta taɓa canza kalma ba. Kwana biyun kawai take ɗauke wa mutum ta tafi da su gidanta.

Malam Simon na Kwoi shaida ne. "Ran Asabar na aurar da yarinyana," in ji shi, "na yi rawa har na gaji. Litinin na karɓi kweri, na ga kwanan watan Juma'a a kai. Na ce, Anti, yaya haka? Ta ce, Baban amarya, firinta ne ba lafiya."

Abin da ba mu gani ba, 'yarta Hulda ce ta gani. Duk Juma'a, in ji ta, Mama ba ta cin abinci, gyambon ciki ya tashi. Asabar ta wuni da ɗaurin kai saboda ciwo. Likita ya rubuta mata hutu, ta kai wa Oga, ya ce, "Hawan jini? Wa ba shi da shi?"

Bara Oga ya gano dabararta. Wata Juma'a ya fito da kweri mai sunanta, ya tsaya a kanta ya ce, "Buga. Yanzu." Ta buga tata da hannunta, firinta ta yi aiki lafiya lau. Ta ninke ta, ta sa a jaka, ta yi mana sai Litinin. Safiyar Lahadi kofin shayi ya suɓuce mata, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Tana nan da rai, tana koyon riƙe cokali da hagu. Ofis ya aiko mata da kalanda. Kalanda fa!

Anti Mildred, ke ce garkuwar da ba wanda ya taɓa tambaya ko tana jin zafin bugu. Ke ce kika bar iyaye suka ci tuwon Asabar da 'ya'yansu hankali kwance. Mun gode, Anti. Ubangiji ya tashi kafaɗarki.

Ku masu ƙararrawa, ku sani tsawarku ba a ofis take tsayawa ba, gida take bin mutum ta shiga jininsa. Ku kuma da ke zaune kusa da irin Anti, ku yi abin da ta yi, ku tare wa na kusa da ku ko da kwana biyu ne. Kada ku yi irin tamu. Mu goma sha ɗaya ne a ofishin ranar nan, har da ni mai wannan rubutu, kuma duk mun ji. Ba wanda ya tashi ya zare wayar firinta, ya riƙe mata tata har Litinin.