Hotunan Abokina Marasa Fuska

Shekaru masu yawa da suka wuce, a lokacin da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, ni ne mai ɗaukar hoton 'yan kiɗan rok a Kano. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Masu kyamara duk sun bi 'yan siyasa inda ake samu, ni kuwa sarkin wayo na bi 'yan jita. Duk Lahadi da la'asar sai in bar unguwarmu Zaitawa in nufi wani otal a Sabon Gari, in raɓe jikin lasifika har kunnena ya toshe. A can "ɗan birni" suke ce mini, ba mai jana hira. A gida kuma ba wanda zan nuna wa abin da na ɗauko. Na sha kaɗaici a shekarun nan.

Mutum ɗaya nake da shi, abokina ɗan unguwar Kabara, mai kaɗa musu jita. Sauran ranaku yana tsaron rumfar yadin mahaifinsa a Kasuwar Kurmi, shiru-shiru kamar ba ya iya kashe ƙuda. Ran Lahadi sai mun fita ganuwa yake cusa rigarsa da hularsa a jaka. Mahaifinsa ko hoto bai yarda a shigar masa gida ba, balle jita.

Tun ranar farko ya kafa mini sharaɗi. Ya ce, "Kai mai hoto, ɗauki duk abin da ka ga dama, amma ban da fuskata. In Alhaji ya gani, kashina ya bushe."

Na riƙe amanar nan har na wuce gona da iri. Shekara biyu ina ɗaukar bayansa, da ƙeyarsa, da yatsunsa a kan jita. In fuskarsa ta faɗo cikin fim bisa kuskure, sai in sa almakashi in yanke. Har alfahari nake yi da hakan.

Sai zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Bayan sadakar arba'in mahaifiyarsa ta aiko in zo. Na tafi, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta.

Ta ce, "Ɗan nan, an ce kai ke ɗaukarsa hoto a wurin kiɗan."

Na fara kame-kame. Ta ce, "Bar wahalar da kanka. Mai auna yadi ba ya yin kanta a yatsu. Na daɗe da sani." Sannan ta ce, "Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ƙare wa fuskarsa kallo ba, don kunya. Yanzu ina laluben fuskar a raina, tana ɓace mini. Ka kawo mini ko guda ɗaya, Alhaji ba zai gani ba."

Na koma gida na zazzage kwalayena a tabarma. Kwana uku ina ɗaga fim a rana, ɗaya bayan ɗaya. Fuskar mai ganga ga ta nan, ta mai waƙa ga ta nan, har ta wani mashayi da ban san shi ba. Tasa babu. Ban taɓa jin haushin kaina kamar ranar ba.

Haka na koma da ambulan ɗaya, na faɗa mata gaskiya. Ta karɓa ta buɗe. Ta riƙa ɗaga hotunan a hankali har ta zo kan wani na hannunsa na hagu, ta tsaya.

Ta ce, "Wannan tabon na babban yatsa, wuƙar yankan kuɓewata ce, yana shekara biyar. Ni na ɗaure masa." Ta shafa hoton. "Hannun dai na san shi. Shi nake kallo in na miƙa masa tuwo."

Ta ɗaga marfin wata kwalla ta saka shi can ƙasanta, ta ce Allah Ya yi mini albarka.

Ban ƙara zuwa otal ɗin ba, don ba ni da abokin tafiya. Har yau in mutum ya ce kar in ɗauki fuskarsa, ba na musu, amma nakan tambaye shi ko mahaifiyarsa tana da rai. Ni kaina yanzu in na rufe ido ina neman abokina, ƙeyarsa nake gani.