Ranar da na kira sunansa a kan tudu

Shekarar da autanmu ya shiga makaranta likita ya ce wa maigidana jininsa ya hau, ya nemi abin motsa jiki. Bai yi shawara da kowa ba ya kinkimo kekuna biyu da hulunan kwano ya jibge a garejin gidanmu da ke garin Gaithersburg. Ya ce za mu yi tafiyar kwana uku zuwa tuddan yammacin jiharmu ta Maryland, mu biyu kawai.

Wannan "mu biyu kawai" ita ta yaudare ni. Tun da muka zo ƙasar nan ba mu taɓa yin hirar da ba ta yara ko ta aiki ba. In ya dawo daga ofis ya ci abinci, sai ya rungumi kwamfuta, ni kuma in koma wanke-wanke. Na ɗauka a kan hanya, inda babu baƙi babu ofis, zai waiwayo ya gan ni. Na koyi hawan keke a filin ajiye motoci har na daina faɗuwa, na kai yaran wurin wata ƙawata 'yar Jos da ke aikin jinya a Wheaton.

Kaya kuwa sai ka ce mai zuwa biki. Shi ba ya cin abincin waje, don haka na cika kula da shinkafa da miya, na haɗa da dambun nama da yaji, ga buta ga sallaya. Duk a kekena aka ɗaura su, tunda namiji ba ya yawo da kula.

Ranar farko hanya a shimfiɗe take, sai gonakin masara da shanu. Yana gaba ina baya, yadda muke tafiya a kanti da hanyar masallaci. Abin da na fi kallo a duk Maryland ɗin nan bayan rigarsa ne.

Washegari tuddai suka soma. Da rana tsaka, a tsakiyar wani dogon hawa, sarƙar kekena ta zame, feda ta juya a banza, nauyin kaya ya rinjaye ni na kife a kan tsakuwa. Miyar da na sake dafawa da safe a masauki ta malale a kwalta. Gwiwata ta tsage.

Na ɗaga kai na hango shi yana ƙara nisa. To ni ban taɓa kiran sunansa ba. Haka na tashi na gani, har mahaifiyata ta rasu ban ji sunan mahaifina a bakinta ba. Malam nake ce masa, shi ma a hankali. Na ce Malam. Na sake cewa, da ƙarfi. Na ce baban yara. Ko gezau. Ya kusa ɓacewa a bayan tudun, ga shi wurin babu sabis ɗin waya. Tsoro ya kama ni, na buɗe murya na kira sunansa na yanka, gatsau.

Nan take ya kama birki ya juyo. Yana gangarowa ina jin daɗi a raina, wauta ta sa har na soma murmushi. Ya tsaya a kaina, ya dubi miyar, ya dube ni.

"Ni kika kira haka?" ya ce. "A kan titi?"

Jini yana bin ƙwaurina yana shiga safa. Na ce ya yi haƙuri. Ya durƙusa ya mayar da sarƙar, ya goge hannunsa da ciyawa, ya hau ya koma gaba.

Mun ƙarasa tafiyar. Har yau yana nuna wa abokansa hotunan, yana cewa an sha wuya amma an more. Ni ba faɗuwar ce ke ci mini rai ba. Daga nesa ya ji sunansa tun kira ɗaya, ashe duk shekarun nan kunnensa lafiya lau.

Tabon yana nan a gwiwata. Malam nake ce masa har yanzu, amma tun daga ranar ban sake kiran sa don ina bukatar wani abu ba.