Santimita Biyu na Tef ɗin Tela

Shekara ashirin da shida ke nan Mai Zane da matarsa suna aiki a shago ɗaya, shagon da in ka yi taku huɗu ka taɓa bango. Ita tana bakin taga da keken ɗinkinta, shi yana kusurwa yana zana wa mutane taswirar gidajen da za su gina. In ta miƙa hannu neman almakashi, gwiwar hannunta takan bugi kafaɗarsa, ya ce, "Tela, kin rushe mini katanga." Ita kuma ta ce ya gode wa Allah da a takarda ta rushe.

Da fensir da rula ya fara sana'ar, sai da furfura ta fito masa sannan ya koyi kwamfuta. 'Yarsu ta fari ce ta haɗa masa ita da hannunta kafin ta tafi karatu nesa. Akwatin kwamfutar ɗan ƙarami ne, bai fi kwalin takalmi ba, ya shige cif a gurbin da ke tsakanin teburinsa da ƙafar keken ɗinki. Bayan wannan gurbi babu sauran wurin ajiye ko da kofin shayi.

Sai aiki ya sauya. Ɗan kwangilar da yake yi wa zane ya ce yanzu masu gida so suke su ga gidan a tsaye a kan allo, a juya musu shi gaba da baya, kafin a sa bulo ɗaya. Kwamfutar Mai Zane kuwa da ya fara juya gida sai fankarta ta kama kuka, hoton ya sandare. Ɗan kwangilar ya ba shi mako biyu ya gyara. In abin ya gagara, ya ce akwai tebur da babbar kwamfuta a ofishinsu, ya riƙa zuwa tun safe har yamma. Mai Zane ya yi godiya, ya dawo ya zauna yana kallon ƙeyar matarsa. Bai san yadda ake jan layi ba tare da ƙarar keke a kunne ba.

Mai shagon kwamfuta, wanda kowa ke kira Dogo, ya ce maganin abin shi ne sabon katin hoto, wato ɓangaren da ke ɗaukar nauyin zane a cikin na'urar. Amma katunan yanzu ƙatti ne, gara ya sayi babban akwati ya huta. Mai Zane ya ce babban akwati sai dai a ɗora shi a kansa. Dogo ya yi dariya, ya ce to ya je ya auno masa cikin akwatin, tsawo da kauri, domin daga nesa ake odar katin, kuma in ya taso ba a mayar da shi.

Da safe ya buɗe akwatin. Rularsa ta ƙarfe ta ƙi shiga lungun, sai ya zaro tef ɗin awo daga wuyan matarsa. Ya cusa shi ciki, yana faɗin lamba tana rubuta masa a guntun takarda, ƙafarta ba ta ma bar keke ba. Tsawo santimita ashirin da huɗu, in ji shi. Ya ninke takardar ya kai wa Dogo, tabaransa ma a shago ya manta da shi.

Dogo ya duba takardar ya ce kati biyu ne kawai za su shiga. Ɗaya ya fi ƙarfi, amma yana shan wuta fiye da abin da akwatin zai iya ba shi, ga zafi. Ɗayan mai fanka ɗaya ne, ba ya da hayaniya, kuma santimita ɗaya ya rage masa ya cike awon da aka kawo. Mai Zane ya zaɓi na biyun, ya ce mai haƙuri ya fi dacewa da ɗaki mai mutum biyu.

Kwana uku bayan haka matarsa tana auna kafaɗar wata mata, idonsa ya faɗa kan bakin tef ɗin. Daga biyu ya fara. Sai a lokacin ya tuna ranar da dutsen guga ya ƙone bakin, ta datse shi da almakashi ta ci gaba da aikinta, shekaru da dama da suka wuce. In haka ne, wurin ashirin da biyu ne, katin kuwa ashirin da uku.

Ya fita waje ya kira Dogo, ya tambaya ko ana iya canja oda. Dogo ya ce kaya suna kan hanya. Mai Zane bai faɗa masa dalili ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyara wa magina awo, da wane baki zai ce tef ɗin tela ya kayar da shi? Matar ma bai gaya mata ba. Ta ga shayinsa yana hucewa a kofi, ta tambaya ko ciwon bayan ne ya tashi, ya ce e.

Ranar da katin ya iso ya rungumi akwatin ya tafi da shi kamar mai kai mara lafiya asibiti. Dogo ya kwance murfin, ya karkata katin, ya tura shi a hankali. Ƙas, ya zauna. Har da ɗan sarari a bayansa da ƙaramin yatsa zai shiga.

"Dogo, ya aka yi ya shiga?"

"Baba, da so kake ya ƙi? Ashirin da biyu ka kawo mini, na samo maka ashirin da ɗaya."

Ya ciro takardar daga aljihun tebur. Mai Zane ya sa tabarau. Rubutun matarsa ne, ashirin da biyu, ga ma ɗan layin da takan ja a ƙarƙashin awon da ta gama da shi.

Da ya dawo ya mayar da akwatin gurbinsa, ya kunna. Gidan ɗan kwangila ya tashi a kan allo, ya juya sumul, har inuwar baranda ana gani. Ya daɗe yana juya shi kafin ya ce, "Tela, ashirin da huɗu fa na ce miki."

"Da tef ɗina ka auna, Malam," ta ce, allura a bakinta. "Duk lambar da ta fito daga wannan tef, hannuna yana cire biyu tun kafin kaina ya sani. In ba haka ba ai da rabin unguwar nan cikin buhu suke yawo."

Ya ce gobe zai sayo mata sabo. Ta ce kada ya soma, in ya sayo to duk rigar da ta ɗinka sai ta matse mai ita, shi zai je ya ba su haƙuri.

Ya ɗauki shayinsa mai sanyi ya shanye. Ta miƙa hannu neman almakashi, gwiwar hannunta ta bugi kafaɗarsa, wannan karon shi ya ɗauko ya miƙa mata.