Kakannin da Muka Je Gani a Cikin Gilashi

Mun tashi da asuba daga Greenbelt ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da wata Anti ma'aikaciyar jinya da ta saba ɗaukata a motarta duk lokacin da zumuntarmu ta masu jin Hausa za ta taru. 'Yar Katolika ce daga Filato. Mu sauran duk Furotesta ne, amma shekara uku ke nan tana zuwa, domin a cewarta a nan ne kawai take yin addu'a da harshen da take mafarki da shi. Ta kawo mini kunun gyaɗa a fulas. Na riƙe shi a hannu, ban sha ba.

Dalilin tafiyar shi ne wani gidan adana tsofaffin littattafai a Washington ya fito da Littafi Mai Tsarki na Turanci, rubutun hannu, na zamanin da ba a ƙirƙiro injin ɗab'i ba. Baba, dattijon zumuntarmu, ya ce mu je mu ga kakanninmu na bangaskiya, ni kuma in yi bayani, tunda karatun digirina na uku a kan wannan zamani yake. Yana kirana Dakta. Na sha gaya masa ban gama ba.

A Takoma Park muka haɗu da sauran, mota huɗu. Aka yi addu'a a filin ajiye motoci, aka loda kuloli, mata suka yi ta gardama a kan wanda ya manta yaji. Hanyar shiga gari babu cunkoso sosai, sai dai kuɗin fakin ya sa Baba ya tambayi mai gadin ko har da wankin mota a ciki.

Littafin bai kai girman da muka zata ba. Fata ce ta koma ruwan ƙasa, rubutu a rabe gida biyu a kowane shafi, da ɗan jan tawada. Iyayenmu mata suka fara waƙa ƙasa-ƙasa, wata ma'aikaciya ta zo ta roƙe su da murmushi. Sai Baba ya ce, "To Dakta, bismillah."

Na faɗi abin da nake da tabbaci a kai. Tun kafin Gyaran Ikilisiya, wanda ya haifi cocin Furotesta, an yi mutane da suka yi jayayya da manyan coci. Akwai Waldensiyawa da suka faro a Faransa, suka zaɓi talauci da wa'azi ba tare da izini ba. Akwai Lolad a Ingila masu son Littafi da harshen gida. Akwai mutanen Bohemiya da suka nace a ba kowa ƙoƙon jibin Ubangiji, ba firistoci kaɗai ba. An tsananta musu, an ƙone wasu. Kawuna suka yi ta kaɗawa.

Amma akwai abin da na gani da na sunkuya. Shafin da aka buɗe jadawali ne na karatun da ake yi a Mas, wato sujadar Katolika, Lahadi bayan Lahadi. Ma'ana, wanda ya mallaki wannan kwafin, bisa ga dukkan alamu, mai zuwa Mas ne, yana bin karatun Fada da harshensa. Masana sun daɗe da lura cewa kwafi da yawa haka suke. Ko Waldensiyawan ma, da dama cikinsu sun ci gaba da kai 'ya'yansu baftisma wurin Fada. Sun share hanya, wannan gaskiya ne. Amma da za a kawo su cocinmu yau, ban tabbata za su gane mu ba.

Wannan ne ya kamata in faɗa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Watakila dai lamarin yana da ɗan sarƙaƙiya, wasu masana suna ganin kamar, ko da yake ba duka ba..." Na yi ta zagaye har ni kaina na rasa inda na dosa.

A wurinmu, idan ƙarami ya gama magana, babba ne yake naɗe ta, kuma abin da ya naɗe shi ne abin da aka faɗa. Ba a ƙara komai a bayansa. Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Kun ji da kunnenku, Dakta ya tabbatar. Waɗannan namu ne. Waɗancan kuwa, 'yan cocin Fada, su suka hura wutar." Aka ce amin. Anti tana tsaye kusa da ni. Ta dubi jadawalin, ta dube ni. Ta san na sani, domin a mota na gaya mata abin da masana suka gano game da irin waɗannan kwafi tun muna Greenbelt.

Daga nan muka wuce Annandale, gidan Baba. Aiki ake yi a kan Beltway, babbar hanyar da ta kewaye Washington, muka yi ta rarrafe. An yi tuwon shinkafa da miyar taushe, da gwate mai zafi, abincin da nake kwana ina tunani. Aka zuba mini nama biyu saboda ni ne Dakta. Anti ta taya wanke kwanoni kamar kullum, ta yi wa kowa sallama har da durƙusa wa Baba.

A hanyar komawa ba ta kunna waƙa ba. Na ce, "Anti, kin san ba haka nake nufi ba."

"Na sani, ƙanena," ta ce. "Ai ba ka nufi komai ba. Shi ne ya dame ni."

Ta sauke ni a tashar jirgin ƙasa, ta ce tana da aikin yamma. Watakila da gaske ne. Na hau jirgin layin kore har ƙarshensa a Greenbelt, fulas ɗinta a cinyata, kunun ya huce. Jiya Lahadi ba ta zo zumunta ba, wani ne ya ɗauke ni, kuma ba wanda ya tambayi inda take.

Na je in yi bayanin mutanen da aka ƙone saboda sun ƙi yin shiru a gaban manya. Ni ba wanda ya nuna mini ko ashana. Kujerata a gaban tuwo kawai na ji tsoron rasawa, kuma ban rasa ta ba. Fulas ɗin yana nan a kicin, na wanke shi sau biyu. Har yanzu ina rubuta saƙon da zan tura mata, ina goge "watakila" daga ciki.