Fuskar Inna Daga Tsallaken Ruwa

Ni ɗan fari ne, kuma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Danginta Fulani ne da suka jingine sanda suka kama noman shinkafa a wani ƙauye kusa da Auyo, amma kunyar ɗan fari ba su jingine ta ba, da ita aka kawo Inna gidan aure Hadejia. In tana son in ci abinci sai ta ce da ƙanwata, "Ki gaya wa wancan tuwo na hucewa," ko da kuwa ina zaune a tabarma ɗaya da su. In na shigo tsakar gida tana dariya, dariyar takan ɗauke kamar an rufe famfo, ta sunkuya ta hau gyaran abin da ba ya bukatar gyara.

Ban taɓa jin haushi ba. Haka na taso na gani, kuma ni ma ba gwanin kallon idon mutane ba ne, littafi ya fi mini sauƙi. Sai da na samu gurbin karatu a Kano, tafiya ta matso, sannan na lura ban san yadda fuskar mahaifiyata take ba in ta saki jiki. Na san gefen kuncinta, na san ƙeyarta, na san yadda take ɗaura ɗankwali ta baya. Gaban ne ban sani ba. Wayar ƙanwata cike take da hotunanta, amma duk ƙanwata take kallo a ciki, ni kuma ina son wanda na ɗauka da hannuna in tafi da shi. Na gwada da tawa wayar. Kafin in gama ɗaga ta Inna ta ja mayafi. Na gwada daga nesa na janyo, ta fito dishi-dishi kamar an zana ta da gawayi an goge.

Ban gaya wa kowa ba. Ƙanwata ce ta gano, kuma abin da ta gano ba ya kwana a cikinta. Ita ta kai wa Kawu, yayan Inna, wanda ya yi sana'ar hoto a Hadejia kafin waya ta cinye kasuwar ya koma sayar da injin ban-ruwa. Ya aiko a kira ni.

"Malam ɗan boko," in ji shi, "an ce kana farautar ƙanwata da waya. Ka taɓa ganin an kama tarwaɗa da rariyar shayi?"

Ya jawo wata jakar fata daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai tsohuwar kyamarar fim, 'yar ƙarama, fentinta ya goge a gefe har tagulla ta fito. Ya kwance ɗan gajeren gilashin da ke gabanta, ya warware wani tsumma ya fito da wani dogo siriri mai kama da wuyan kwalba, ya murɗa shi a gurbin har ya ce ƙas. Ya ce sunansa Zalɓe, don shi ma daga nesa yake tsayawa ya cafko abin da yake so.

Ya ɗora mini a hannu. Nauyin ya ba ni mamaki, ƙarfe ne da gilashi zalla, ga sanyi. Na kai ido kan 'yar tagar leƙe ina jiran in ga bishiyar darbejiyar ƙofar gida ta taho ta tsaya a hancina. Ba ta taho ba. Tana can inda take, har ta ɗan ƙara ƙanƙanta.

Na ce, "Kawu, ya lalace."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan ba irin kyamarar da ake leƙawa ta cikin gilashinta ba ce. Taga daban, gilashi daban. Ko wane iri ka ɗaura, abin da idonka ke gani ba ya sauyawa. Ya ce in duba tsakiya sosai. Can na hango wasu fararen layuka sun zana ɗan akwati da bai fi ƙumbar babban yatsa ba.

"Abin da ya shiga akwatin nan, shi Zalɓe zai ɗauko ya cika takarda da shi. Abin da ke waje naka ne kai kaɗai, kallo kyauta."

"To yaya zan san yadda fuskar mutum take a lokacin?"

"Ba za ka sani ba. Sai an wanke fim."

A tsakiyar akwatin kuma akwai wani ɗan tabo mai haske inda komai yake rabuwa biyu. Reshe ɗaya ya zama biyu, sai ka murza zoben gilashin a hankali har su haɗe su koma ɗaya, nan ne hoto ya zauna. Zoben yana da tauri, man cikinsa ya bushe tun ban iya tafiya ba, kuma zagayensa da nisa, sai ka yi ta murzawa kamar mai buɗe tsohuwar kwalbar zuma. Kawu ya ce da gajeren gilashi in ka ɗan kuskure ba a ganewa, amma Zalɓe ba ya yafiya: ka saita kan kunne, hanci ya tafi. Ba ya son abin da ke kusa, in mutum ya matso ƙasa da tsawon tabarma sai ya ƙi haɗewa. Ba ya son rawar hannu, don yadda yake janyo mutum haka yake janyo rawar. Ba ya son kallon rana, tsohon gilashi ne, in haske ya bugi idonsa sai hoto ya fito fari-fari kamar an zuba masa madara. In kuma ka manta murfi a bakinsa, taga ba za ta gaya maka ba, za ka yi ta ɗaukar duhu kana murna.

Na ce, "Me yake so ke nan?"

"Mutum mai haƙuri da ba ya son a gan shi. Shi ya sa na kira ka."

Ban san lokacin da na kai gida ba. A hanya na gaida wani mutum sau biyu. Na kwana da jakar a gefen matashina, da asuba na buɗe na duba ko tana nan. Daga ranar na shiga gwaji ba fim a ciki. Na saita kan akuyar maƙwabta, kan hasumiyar masallaci, kan mai rake a bakin titi, ina jingina kafaɗa da bango, in fitar da numfashi rabi in riƙe, in danna. Ƙarar ma 'yar siririya ce, kamar an karya tsinke. Na ɗaura wa murfin jan zare don in riƙa ganinsa yana lilo in san a buɗe nake. Ƙanwata ta ce na zama kamar wanda aka yi wa baiko da bututu.

"Yaya, in gaya wa amaryar ta fito a gaisa, ko tana cikin tsumma?"

A gida ba dama, tsakar gidanmu ba ta da faɗin da Zalɓe ke so, kuma Inna tana jin motsina tun daga zaure. Damar ta zo da girbin shinkafa, lokacin da takan je ƙauyensu ta taya 'yan uwanta mata shiƙa. Kawu ya sa mini fim baƙi da fari da ya samo daga Kano, ya ce shi ke nan guda ɗaya. Muka hau babura har inda hanya ta ƙare, muka shiga kwale-kwale. Inna na gaba ta ba ni baya, ni ina can ƙarshe na rungume jaka a ƙirji, duk lokacin da jirgin ya karkata sai in ɗaga ta sama da kaina. Mai tuƙin ya tambaya ko jariri ne a ciki.

Masussukar tana kan wani tudu, ruwa ya zagaye ta ta gefe biyu. Ƙanwata ta riga ta shelanta wa matan cewa malamai ne suka sa ni ɗaukar tsuntsaye, saboda haka ba wadda ta kula da na zagaya na tsallake wata 'yar ƙorama na shige bayan kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye rabin fadamar. Na zaɓi inda rana take bayana. Akwai goruba guda da zan jingina, amma gindinta cikin ruwa yake, sai na shiga har gwiwa da wandona.

Na leƙa. Duk duniya ta shigo tagar: sararin sama, tarin dami, balbelu, shanu can nesa, mata suna ɗaga ƙorai iska na kwashe ƙaiƙayi. A tsakiya, cikin ɗan akwatin, ga Inna, tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Da zanenta na gane ta. Fuskar kuwa ɗigo ce kawai. Na nemi abin da zan saita a kai, na samu bakin ƙwaryar da ke hannunta, na murza har ƙwarya biyu ta zama ɗaya. Ina jin dariyar matan tana tsallako ruwa, har da wata da na tabbata tata ce, sai in danna. In ta motsa in sake murzawa. Wani abu yana ta tsotsar ƙaurina, ban duba ba. Dariya ce ke ta taso mini ni kaɗai ba dalili, ina danne ta don kada hannu ya yi rawa. Na ɗauki balbela guda biyu saboda kada maganar ƙanwata ta zama ƙarya, sauran fim ɗin duk na ƙarar a kan ɗigon nan.

Da na fito, matsattsaku sun yi layi a ƙafata. Wata gwaggo ta cire mini su da gishiri tana cewa tsuntsayen boko tsada gare su.

Da fim ɗin a aljihun gaba na tafi Kano. Akwai wani tsoho abokin Kawu da har yanzu yake wankin fim a bayan shagonsa. Ya ce in dawo, na dawo tun kafin lokacin, ya sake cewa in dawo. Ranar da ya miƙo mini ambulan ban iya buɗewa a gabansa ba, sai da na samu inuwar wani kanti na tsuguna.

Na farko sun yi rawa. Wani ya zauna daram, amma a kan damin da ke bayanta. A wani na yanke mata kai, ƙwarya ce kawai da hannu. Balbelun sun fito tsaf, har gashin wuyansu ana ƙirgawa. Sai na zo kan wani, na tsaya.

Inna ce daga gwiwa zuwa sama, ta cika takardar. Bayanta duk ya narke ya zama laushi, ita kaɗai ta fito, har tsagar kalangun da ke gefen idonta. Matan da ke kusa da ita sun duƙa kan aiki. Ita tana tsaye, ƙwarya a kunkumi, ba shiƙa take ba. Ni take kallo. Kai tsaye, ido cikin ido, bakinta a ɗan buɗe da murmushi, irin kallon da ake yi wa yaro mai koyon tafiya. Na duba na gaba, haka. Na bayansa ta sa hannu ta kare rana don ta gani da kyau. Ashe duk tsawon tsayuwata a ruwan nan, tana ganin na yi nisan da ba zan gane inda idonta yake ba. Kuma gaskiyarta, ban gane ba.

Na yi dariya a bakin titi har mai kantin ya leƙo. Na shiga motar da ba tawa ba, sai da muka yi nisa na lura.

Da na zo hutu na ba ƙanwata hoton a zaure, na ce ta ɓoye. Ta kalla, ta kalle ni, ta ruga ciki tana kiran Inna. Na tsaya bayan ƙofa kamar in nutse.

"Inna, wa kike kallo a nan?"

Na ji an ajiye muciya.

"Ke fa ba ki da ta ido."

"Ni dai tambaya na yi. Shinkafa tana ƙasa, ke kina kallon sama."

"Mutum ya shiga ruwa da wando kamar marar wayo, ba za a duba ba?"

Ta tsagar ƙofa na hango Inna ta riƙe takardar da hannu biyu, ta matsa da ita wajen haske. Ta daɗe. Sannan ta miƙa wa ƙanwata, ta ɗauki muciyarta, ta juya wa ƙofar baya, ta ɗaga murya yadda zaure zai ji.

"Ki gaya wa wancan ɗankwalina ya karkace a ciki. In an koma girbi ya sake wani. Ya tsaya can inda ya tsaya."