Ranar da Baba Ya Saita Mini Taya da Zare

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a Tudun Wada na sayi mota. Tsohuwa ce, amma jikinta lafiya lau. Ba ta yi wata a hannuna ba na kai ta wani gareji a Kano na ce a rage mata tsawo, don na ga samarin birni suna yi, mota tana tafe kamar tana shinshinar kwalta. Aka cire mata sifirin aka sa gajeru, ta zauna ƙasa daɓas. Bakaniken ya ce in tsaya a yi mata alaimen, wato a saita fuskar tayoyin. Ina! Ni da nake jin kamar in ɗora ta a ka in ruga gida? Na ce masa sai na dawo.

Tun kafin in kai kwanar shiga Tiga, garinmu, kafaɗuna sun yi tsami. Motar sai jan hagu take kamar akuyar da ta hango dusa, ni kuwa ina kokawa da sitiyari ina washe baki, duk wanda na wuce sai na danna masa ham.

Baba yana zaune a ƙofar gida. Direban ma'aikatar ruwa ne da ya yi ritaya, kuma tun tasowata ban cika ganin haƙoransa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tashi ya zagaya motar sau biyu, ya shafa tayar gaba.

“Wa ya karya mata ƙafa?”

“Baba, yayi ne.”

“Yayi. To, yayin nan zai cinye maka taya kafin Juma'a. Shiga ka karɓo zare wajen uwarka.”

Inna ta ba ni farin zaren da take ɗinkin hula da shi, tana ta jan kunnena kada a ɓata mata. Baba ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce ko kyanwa ba za ta kutsa nan ba, don haka muka hau da ita kan bulo da katako. Ya ja zaren daga tayar baya zuwa ta gaba, ya sa ni riƙe sitiyari cak. Ya kwanta a tabarma da sifana, ya murɗa sandar da ke juya taya kaɗan, ya fito ya auna tazarar da tsinken tsintsiya, ya koma. Haka ya yi ta yi har aka kira azahar.

Da muka dawo daga masallaci sai ya miƙo hannu. “Makulli.”

Inna ta leƙo daga zaure. “Malam, ina zuwa? Ga abinci na sauke.”

“Gwaji ne, yanzun nan.”

Muka hau kwalta, ni a gefe. Ya saki sitiyarin, mota ta miƙe sambal. Ya gyaɗa kai kawai. Sai ga wata doguwar kwana kusa da dam. Ya shige ta bai rage gudu ba, motar ta manne da titi, ko karkata ba ta yi ba. Sai na ji wata ƙara a gefena da ban san ta ba. Na juya, ashe Baba ne yake dariya, har hularsa ta goce.

“Kai! Ashe haka take cin kwana?”

Ya juya, muka sake. Ya sake juyawa. A karo na uku masuntan da ke shanya raga a bakin hanya suka daina aiki suna kallonmu, shi kuwa ya fito da gwiwar hannu ta taga yana ɗaga musu yatsu biyu. Ni dariya ta hana ni magana, hawaye kawai nake sharewa. Da cikin motar ya gogi wani tudu a hanyar komawa, sai ya shafa sitiyarin ya ce, “Yi haƙuri, 'yar nan, ba zan ƙara ba.”

Washegari da na shirya komawa makaranta na tambayi makulli. Ya ce ai gwajin bai ƙare ba, akwai wani amininsa a Doguwa da ya daɗe yana son ya je ya gaishe shi, kuma hanyar Falgore da ake bi zuwa can akwai kwanoni masu kyau. A motar haya na koma Tudun Wada, a matse tsakanin buhun barkono da wani dattijo mai kwandon kaji, ina ta murmushi ni kaɗai har dattijon ya tambaye ni ko an yi mini haihuwa ne.