Shafin Albasa, Wayar Masu Karaya

Taubashina, ɗan kawuna, manomin albasa ne a Aliero, kuma mutum ne mai saurin rantsuwa. Tun muna yara haka yake, ko lokaci ka tambaye shi sai ya haɗa maka da wallahi. Yawancin rantsuwoyinsa a iska suke ƙarewa. Guda ɗaya ce ta samu shaidu, wadda ya yi a tsakiyar kasuwar albasa ranar da suka saɓa da dillalin da ya daɗe yana sayar masa da kaya. Ya ɗaga yatsa sama ya rantse cewa daga ranar albasarsa ba za ta sake bi ta hannun dillali ba, shi da mai saye ido da ido. Dillalin dattijo ne mai sanyin magana, bai ce komai ba sai, "Allah shi ba da sa'a, Alhaji." Masu ɗinkin buhu suka amsa da amin mai ƙarfi, irin wadda ba ta da alaƙa da addu'a.

A lokacin albasarsa ta shekarar tana jibge a rudu, wato shimfiɗar kara da ake ɗagawa daga ƙasa a lulluɓe da ciyawa, ana jiran ta yi tsada. To albasa ba gero ba ce. Tana da wa'adi. Da damina ta kankama wata za ta tsira, wata ta ruɓe ta ja ta kusa da ita. Saboda haka ko dai ya samo masu saye da kansa kafin ruwa ya zauna, ko ya koma wa dattijon nan a gaban masu ɗinkin buhu.

Dabarar da ya yi ita ce intanet. Wani shagon kwamfuta a Jega ya buɗe masa shafi, da hotonsa cikin babbar riga yana riƙe da albasa kamar wanda ya ci kofi, da lambar waya, da kwatancen gida. Ni kuwa ina koyar da Hausa a wata sakandare a nan Jega, don haka duk abin da ya shafi rubutu a danginmu, daga takardar gayyata zuwa ƙorafin wutar lantarki, ƙofata yake ƙwanƙwasawa.

"Ticha, diba man nan," ya miƙo mini waya. "Na rubuta albasar Aliero, sai wasu ka hitowa. Wanga ma a Abuja yake, na rantse ko lambu bai taɓa shiga ba. To ni ina nike?"

Muka yi ta gangarawa har babban yatsana ya gaji. Can ƙasa muka same shi da babbar rigarsa, yana bin bayan wani shafi na maganin sanƙo da ruwan albasa.

Na kai shi wurin abokiyar aikina mai koyar da kwamfuta, wata 'yar Maiyama mai gajeren bayani. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Alhaji, in baƙo ya sauka tasha yana neman mai gyaran famfo, wa zai bi? Wanda yat tsaya yana bugun ƙirji, ko wanda mutane sunka nuna mashi gidansa?"

"Wanda anka nuna."

"To injin bincike baƙo na. Bai jin abin da kac ce game da kanka, masu nuni yake ƙirgawa. Nunin kuwa shi na linki: wani shafi shi sa kalmar da in an taɓa ta za ta kawo mutum naka shafin. Kuma ba duk nuni ba na ɗaya. Na mai mutunci ya hi na ɗan tasha nauyi."

Na ce ai wannan shi ne isnadi, ba a karɓar magana sai an san wa ya ji daga wa, kuma malamanmu sun riga injin da ƙarnoni. Ta ce, "In haka ya hi maka sauƙi, Malam."

Taubashina, da yake ɗan kasuwa ne, ya tambaya ko ba a ba masu shafukan ɗan goro su yi nunin. Ta ce ana yi, amma injin yana ganewa, ranar da ya gane kuwa ko bayan maganin sanƙon ba zai samu wuri ba. Hanya mai lafiya ita ce a rubuta abu mai amfani a shafin, wanda mutane za su karanta su ga ya cancanci su nuna wa wasu, ba tare da an roƙe su ba. Tana faɗin haka su biyun suka juyo suka dube ni.

Ba zan ce ban ji daɗi ba. Mutumin da ya yi shekaru yana gyara insha'in "Yadda Na Yi Hutuna" da jan biro, idan aka ce ga duniya tana jiran alƙalaminsa, ba ya tambayar wace duniya. Na rubuta yadda ake gane albasa mai jure ajiya. Na rubuta yadda ake kafa rudu. Na sa wa kowace ƙa da ɗa ƙugiyarta. An karanta kuwa, domin ba da jimawa ba na ga rubutuna yana yawo a gurup-gurup na waya, kalma da kalma, babu linki, babu sunan shafi, a ƙasa an sa "An kwafo." Na daɗe ina son haɗuwa da wannan marubuci, An Kwafo. A iya karatuna babu wanda ya kai shi yawan rubutu a ƙasar Hausa.

Malama ta ce in faɗaɗa, in rubuta wani abu a kan garin kansa, irin wanda masu shafukan labarai da ɗalibai za su buƙaci jingina da shi. Sai na zauna rubuta Aliero. To duk wanda ya san Aliero ya san bayan albasa akwai ɗori. Ni kuma ba ji na yi ba. Ina ƙarami, a Gumbin Kure wurin kakata, jaki ya kayar da ni hannuna ya karye, aka ɗauko ni zuwa Aliero. Har yau ina tuna tsohon da ya ɗora ni, yadda ya riƙe hannun yana tambayata ko jakin ya ba ni haƙuri, ina cikin tunanin amsa ya ja, na kurma ihu, ya jera karare ya ɗaure. Na ce bari in sa wannan a layi biyu don daɗin karatu. Layi biyun suka haihu. Da na karanta wa taubashina, ya ce, "Ticha, ya yi daɗi. Amma ina albasa cikin wanga?"

Na ce tana sakin layi na ƙarshe, inda ake ajiye muhimmin abu.

Wannan karon nuni ya zo. Wani shafin labarai na Hausa ya sa linki. Ɗalibai masu rubutun kammala karatu suka sa. Shafin wata ƙungiyar 'yan kabu-kabu ya sa, haka ma na wasu 'yan ƙwallo, kuma da na natsu da na tambayi kaina abin da ya haɗa waɗannan biyun da albasa. Shafin taubashina ya yi sama. Ya zo har gida da tsire a takarda, muna cikin ci wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ya goge hannu, ya buɗe muryar wayar don in ji yadda ake ciniki ba dillali.

"Salamu alaikum. Aliero ne? A intanet na ga lambarku."

"Nan na, ranka shi daɗe."

"An ce aikinku yana da kyau."

"Har Kurmi, can Kudu, an san mu. Babba ta ko ƙarama?"

"Babba ce. Ta yayana ce."

"Au, shi ma yana da ita?"

"Tun shekaranjiya. Yanzu ta kumbura, har ta fara canja launi. Shi ne muka ce mu ji shawararku."

Taubashina ya gyara zama, an zo fagensa. "Ai in ta kumbura tac canja launi, babu wata shawara. Cire ta akai a yar, kada ta ɓata 'yar'uwarta."

 Mutumin ya ce, cikin wata irin murya, "A cire ƙafar?"

Sai da muka ɗauki lokaci muna ba shi haƙuri, muka ce su fara zuwa asibiti a ɗauki hoton ƙashin tun da ta kumbura. Washegari muka koma wurin Malama. Ta buɗe shafukan da suka yi mana nuni ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mana kalmomin da suka rataya linkin a kai. Duk iri ɗaya ne: ɗorin Aliero, masu ɗori a Aliero, inda ake gyara karaya.

"Injin yana karanta kalmar da anka yi nuni da ita," in ji ta. "Mutane sun nuna gidanka, Alhaji, gaskiya ta. Amma cewa sunka yi gidan mai ɗori na."

Muka rubuta ɗorin Aliero, sai ga shi a sama da kowa, da babbar riga da albasa a hannu. Muka rubuta albasar Aliero. Ya ɗan matsa, ya wuce mai sanƙo.

Daga nan wayar ba ta huta ba. Taubashina yana da baki, amma ba shi da zuciyar kashe wa mai ciwo waya. Yakan ce a je asibiti tukuna, in an nace ya yi kwatancen masu ɗori. Sai dai kwatancen da ke shafin na gidansa ne, don haka nan motoci suke fara tsayawa. Ya hau babur ya yi musu jagora. Masu jinyar da ba su da masauki suka riƙa kwana a zaurensa. Matarsa ta shiga dafa abinci da babbar tukunya, kuma a watannin nan wannan tukunya ita ce kaɗai hanyar da albasarsa take fita daga rudu.

Ba mu zauna ba. Malama ta ce abin yana gyaruwa, sai dai da sannu: a ci gaba da rubutu a kan albasa, a kuma rubuta wa masu shafukan cikin ladabi ko za su ƙara nuni da kalmar albasa. Na rubuta musu da Hausar da ko gwamna aka aika wa ba zai raina ba. Ɗaya ya amsa cewa ya gode, amma shi daidai inda aka fara maganar albasa ya daina karantawa. A ƙarshe wani shafin girke-girke ya sa mana linki da kalmar da muke so. Ya kawo mana mai saye ɗaya, wata baiwar Allah a Kaduna mai son cikin kwano, kuma a kai mata gida.

Ruwa ya sauka, ya sake sauka. Wata ranar Asabar na je Aliero, muka zaga bayan gida. Tun kafin mu kai hancina ya ba ni labari. Ya ɗaga ciyawar, ga koren tsiro ya fara leƙowa nan da can, ya danna wata da yatsa ta lotsa.

"Ticha, cire rubutun ga naka."

Na ce in an cire, nunin duka ya tashi a banza, kuma ba zai kawo mai saye ba. In an bari, masu albasa za su zo, amma a lissafin Malama sai wajen kaka.

"Kaka? Wagga ko sati ba ta kaiwa." Ya saki ciyawar. "Kai da jakinka."

Bayan la'asar ya ja ni wurin limamin unguwarsu, ya zayyana rantsuwar da halin da ake ciki. Liman ya ce abin mai sauƙi ne, barin dukiya ta ruɓe ba ibada ba ce, ya warware ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Taubashina ya yi farat ya ce ai in ciyarwa ce ya wuce goma tuni, duk wanda ya karye tsakanin nan da Kwantagora ya ci tuwon gidansa.

"Da niyyar kaffara kac ciyar da su?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Da haushi."

"To wannan lada ta daban, in an samu. Je ka sake."

Ranar kasuwa na raka shi, ba don ya gayyace ni ba. Masu ɗinkin buhu suna hango mu suka sunkuyar da kai, kowa ya duƙufa kan allurarsa, kafaɗu suna rawa. Dillalin ya tashi ya tarbe mu kamar jiya aka rabu, ya tambayi iyali, ya tambayi damina. Ya karɓi samfurin da muka zo da shi, ya juya, ya shinshina, ya ce a tsince yau a ɗinke gobe, akwai motar Kurmi da ba ta cika ba, wadda ta riga ta yi tsiro kuwa sai haƙuri. Bai ambaci rantsuwa ba ko da wasa. Har na fara jin haushin wannan dattako, sai wayar ta yi ƙara a aljihun taubashina. Ya yi kamar bai ji ba.

"Ɗauka mana, Alhaji," in ji dillalin. "Kada mai saye shi wuce."

Ya ɗauka, ya juya mana baya, ya rage murya. Amma kasuwar ta yi tsit, kowa ya ji shi. "Hannu ko ƙahwa? An ɗauki hoto? To in kun iso tasha ku kira, in zo in kai ku."

Da ya juyo, dattijon yana kallonsa da sha'awa irin ta abokin sana'a.

"Ashe kai ma kana haɗa mai nema da mai shi, Alhaji. Nawa ta la'adarka?"

"Ko sisi."

"Haba. To ba ka iya ba tukuna." Ya ɗaga hannu ya yafuto masu ɗinkin buhu. "Ku tashi ku bi Alhaji gida. Ku bi a hankali wajen zaure, akwai marasa lahiya."